Makunnin Kwamfutar Akawu

Duk wanda ya taɓa buƙatar a buga masa takarda a layin shagunan da ke bayan tashar mota ya san Akawu. Sunansa na yanka yana nan kwance a katin shaidarsa, ba mai tashinsa. Matarsa ma idan ya ɓata mata rai, "kai Akawu" take ce masa. Shagonsa ɗan matsattse ne, tsakanin na tela da na wani mai sayar da kayan lantarki da ake kira Mai Wuta. A ciki akwai tebur, da bencin masu jira, da kujerarsa mai matashin da ya gaji da duniya, da firinta mai ƙara kamar injin niƙa. Sai kuma kwamfuta, wadda akwatinta ke zaune a gefen tebur, ɓangare ɗaya a buɗe, kowa na ganin kayan cikinta.

Akawu bai yi karatu mai zurfi ba. Masinja aka ɗauke shi a wani ofishi yana saurayi, mai kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Amma duk sanda mai buga takardun ofishin ya fita cin abincin rana, sai ya lallaɓa ya zauna gaban tafireta, ya yi ta ƙwanƙwasawa da yatsu biyu a bayan takardun da aka yar. Ranar da aka kama shi ya ɗauka korarsa za a yi. Shugaban ofishin ya ɗauki takardar ya duba, ya ce, "To, tunda ka iya ɓata mana ribon ɗin tawada, zauna ka koya da kyau." Daga nan ya zama akawu, ya riƙe kujerar har ranar da aka rage ma'aikata, sunansa ya fito a ciki. Bai zauna jimami ba. Ya sayi tsohuwar tafireta a gwanjo, ya kama shagon nan.

Abin da ya sa mutane ke tsallake shagunan samari masu sababbin injuna su zo wurinsa, hanyar aikinsa ce. Mutum zai shigo a fusace, yana so a rubuta wa mai gidan haya, ko shugaban makaranta, ko ɗan'uwan da ya ci masa iyakar fili. Akawu ba zai taɓa komai ba. Zai ɗora hannuwa kan gwiwa, ya bar mutum ya zazzage duk abin da ke cikinsa, har da zagin. Sai ya ga numfashinsa ya dawo daidai sannan ya juya ya fara bugawa. In ya gama ya karanto a bayyane, babu zagi ko ɗaya, amma maganar tana nan da ƙarfinta. Sai ka ji mutum ya ce, "Wallahi abin da nake nufi ke nan!" alhali ba abin da ya faɗa ke nan ba. Da wannan sana'a ya ciyar da gida, ya sa 'ya'ya a makaranta, har 'yar autarsa ta zama nas a babban asibiti. Auta kowa ke ce mata, ko da yake yanzu ita ma tana da nata 'ya'yan.

Kwamfuta ta zo masa ne furfura ta riga ta fito. Babban ɗansa ya kawo ta, ta hannu, ya ajiye a tebur ya ce zamanin tafireta ya wuce. Akawu ya yi watanni yana kallonta sheƙeƙe, yana ɗora mata kofin shayi. Da ya ga ana goge kuskure ba tare da an yage takarda ba, sai ya sauko. Har yau dai dukan tafireta yake yi wa madannan, haruffan da ke kansu sun goge tas. Ba ruwansa, yatsunsa sun san gidan kowa.

Wata safiya, shekaru da dama da suka wuce, ya danna maɓallin kunnawa da ke gaban akwatin da irin wannan ƙarfin, maɓallin ya lotsa ciki bai dawo ba. Aka kira wani mai gyara da ake wa laƙabi da Sai-Gobe. Ya kwance murfin gefe, ya leƙa da tocila, ya zare wani ɗan baƙin kai mai siraran wayoyi biyu daga jikin babban koren faifan nan da komai na ciki ke maƙale da shi, wanda masu gyara ke ce wa madabod. A kusurwar faifan ta ƙasa akwai 'yan allurai a tsaye, layi biyu, kamar haƙoran mataji.

"Baba, ka ga waɗannan biyun, na layin sama, dab da giɓin nan? Su ne makunnin na gaskiya. Maɓallin waje ɗan aike ne kawai. Ka taɓa su tare da bakin sukudireba, ka ɗaga."

Ya taɓa, 'yar fankar da ke cikin akwatin ta juya, kwamfuta ta farka.

"Na ɗan lokaci ne fa. Gobe zan kawo sabon maɓalli."

Wanda ya raɗa masa laƙabin ya san abin da yake yi. Sai-Gobe ya tashi daga garin ma gaba ɗaya, aka ce ya koma sayar da wayoyin hannu. Akawu kuwa ya ga dabarar tana aiki, sai ya bar ta a haka. Kullum da safe zai share shago, ya sa tabarau, ya ɗauko sukudireba mai jan mariƙi daga aljihun tebur, ya yi bisimilla, ya sunkuya ya taɓa. Har alfahari yake da abin. Idan baƙo ya zaro ido, sai ya ce, "Tawa ba ta jin maganar kowa sai tawa." Murfin gefen kuwa ya bi shi gida, matarsa ta mayar da shi marufin durom ɗin ruwa.

Da shekaru suka ja, 'ya'yan suka fara maganar hutu. Auta ce kan gaba, don ita ce mai baki, kuma ita ce ba ta tsoronsa. Ta gyara wa iyayenta ɗaki a gidanta, da fanka da talabijin da kujera mai taushi. Duk zuwa sai ta tayar da zancen.

"Baba, me kake nema kuma? Ka yi mana komai. Ka zo ka zauna, jikokinka su yi ta hawa kanka."

"Hawa kai ai ba sana'a ba ce, Nas." Haka yake kiranta in yana son ya tsokane ta.

Ranar da ta matsa masa ƙwarai, don ta ƙyale shi ya ci abincinsa, ya ce, "To, na ji. Ranar da kwamfutar nan ta daina tashi, ranar zan rufe shago." Auta ba ta yi wata-wata ba, ta kira uwarta daga ɗaki ta sa ya maimaita a gabanta. Ya maimaita yana dariya. A lissafinsa ƙarfe zai riga mutum daɗewa, kuma kowa ya san shi ba ya cin maganarsa. Bai taɓa kawo wa ransa cewa matsalar daga ɓangarensa za ta ɓullo ba.

Hannun dama ne ya fara. Rawa kaɗan, irin wadda mutum zai ɗora wa yunwa ko sanyi. A wajen bugu abin bai dame shi sosai ba. Ya rage sauri, in yatsa ya kauce ya goge ya gyara, ba wanda ya sani. Amma alluran nan ba su san uzuri ba. Tsakanin biyun da ake nema da maƙwabtansu bai fi kaurin ƙwayar shinkafa ba, kuma Sai-Gobe ya taɓa gargaɗinsa cewa in ya haɗa waɗanda ba su ba, zai iya ƙona faifan. Abin da a da yake yi yana amsa gaisuwar tela, yanzu ya koma sai ya riƙe numfashi. Ya gwada da hagu, hagun bai san hanya ba. Ya jingina tsintsiyar hannu a kan ƙaton ƙamus, ya ɗan taimaka na wani lokaci. Ya gwada barin kwamfutar a kunne in zai tashi, amma ko yaushe aka ɗauke wuta sai ya tarar da ita shiru. Ƙarshe ya koma sammako, don ya gama fama da ita kafin layin ya cika.

Kai ta wurin masu gyara kuwa bai ko fara ba. Ya san samarin nan. Za su kalle ta su kalle shi, su ce, "Baba, wannan ai ta gama yi, sai dai a cire abin cirewa." Kuma magana a layin nan ba ta kwana. Kafin yamma ta isa asibiti, Auta ta zo da mota da kwalaye. A gida ma ya koyi ɓoye hannun: cikin aljihu, bayan baya, ƙarƙashin tabarma in ana hira. Tsoro yake ji ƙwarai, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka rage ma'aikata, don a wancan lokacin yana da hannu.

Ranar da asiri ya tonu, da safe ne. Ya daɗe a sunkuye, gumi na sauka kan tabarau. Duk sanda bakin sukudireba ya kusanci alluran sai hannun ya ɗauki kaɗawa. Sau ɗaya ya kauce ya karci faifan, ƙiii, har cikin haƙoransa ya ji. Ya ja da baya da sauri. Ana cikin haka wata mata ta shigo da takardun neman aikin ɗanta.

"Ki yi haƙuri, babu wuta," in ji Akawu.

Matar ta waiwaya ta kalli shagon Mai Wuta, inda ƙwayayen fitila ja da kore da shuɗi ke ta walƙiya a bakin ƙofa. Ta sake kallonsa. Ta naɗe takardunta ta tsallaka wurin samari. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gyara wa mutane magana, yau ga shi ya yi ƙaryar da ko yaro ba zai yi ba. Kunya ta rufe shi. Ya koma kujera ya zauna, ya tura hannun ƙarƙashin cinya, ya zuba wa ƙofa ido.

A haka Auta ta same shi. Ta tashi daga aikin dare ke nan, da farar rigarta da jaka a kafaɗa, ta biyo ta kawo masa maganin hawan jinin uwarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta fi yadda ta saba daɗewa kafin ta yi sallama.

"Baba, ina kwana. Lafiya na gan ka zaune haka?"

"Lafiya lau. Hutawa nake, ba ita kuke so ba?"

Ta kalli fuskar kwamfutar, baƙa ƙirin. Ta kalli sukudireba a ƙasa.

"Ta mutu ne?"

Da ya ce wuta ce, ko ya ce yanzu ya iso, wataƙila ta bar shi. Amma ƙarya ɗaya ta ishe shi a safiya ɗaya. Ya zaro hannun daga ƙarƙashin cinya ya ɗora a tebur, hannun ya yi ta abin da ya ga dama a gaban idonta.

"Lafiyarta ƙalau, Auta. Ni ne ba na iya tashinta."

Ba ta yi salati ba, ba ta riƙe baki ba. Ta ajiye jaka, ta ɗauki sukudireba, ta durƙusa gaban akwatin ta haska da fitilar wayarta.

"Waɗanne ne?"

"Layin sama, biyun da ke dab da giɓi."

"Na gan su. Ai har sheƙi suke, duk sauran sun yi ƙura."

Hannun da ya saba neman jijiyar jarirai bai sha wahala ba. Ta taɓa, fanka ta juya, 'yar fitilar gaban akwatin ta kama. Akawu ya ji daɗi da baƙin ciki a lokaci ɗaya, ya rasa wanne ya fi yawa. Ya zauna yana jiran hukunci. A fahimtarsa alkawari ya riga ya cika, don kwamfutar da mai ita ba ya iya kunnawa ta daina tashi ke nan, duk yadda aka juya maganar. Auta ta miƙe ta kaɗe gwiwa, ta ba shi maganin, ta ce kada ya manta ya kai wa Mama. Ta tafi ba ta ƙara ko kalma ba. Wannan shirun ya fi masa faɗa ciwo. A kwanakin da suka biyo baya tela ne ke taɓa masa alluran, da sunan wai tabaransa ya fashe, shi kuwa duk ƙarar mota ya ji a waje sai ya ce ga kwalaye sun iso.

Ranar hutunta Auta ta zo, babu mota, babu kwalaye. 'Yar leda ce a hannunta. Ta zazzage a tebur: waya doguwa, baƙin tef, almakashin asibiti, da makunnin fitilar bango, fari, faffaɗa, irin wanda ko da gwiwar hannu aka buga sai ya kama.

"Na ce wa Mai Wuta ya ba ni mafi girma a shagonsa," in ji ta. "Ka matsa min, Baba. Kai ne ido, ni ce hannu."

Akawu ya kalli makunnin. Ya matsa.

Ta fara zare wayar wuta daga soket, don ya ce haka Sai-Gobe ya yi. Ta lalubo ɗan baƙin kan nan mai wayoyi biyu, ɗaya fara ɗaya koriya, yana nan a rataye cikin akwatin tun ranar da aka zare shi, gizo-gizo har ya yi masa gida. Ta bi wayoyin har zuwa mataccen maɓallin da ke gaba, ta yanke su daga can. Ta feɗe bakinsu da almakashi a hankali, don siraran gaske ne, ta ƙulla kowace da doguwar wayar, ta naɗe da tef kamar tana ɗaure rauni. Ɗaya ƙarshen ta shigar a ramuka biyun da ke bayan makunnin ta ɗaure sukurorin. Sai ta riƙe ɗan baƙin kan a saman alluran ta tsaya.

"Ta ina zai fuskanta? Fara a dama ko koriya?"

"Sukudireba ba shi da dama da hagu, kuma shekara nawa yana tashinta. Tura kawai."

Ta tura, ya zauna daram. Ta mayar da wayar wuta, ta ɗora makunnin a tebur.

"Bisimilla, Baba."

Ya buga da gefen hannu. Ƙas! Fanka ta juya, fitila ta kama, suka kalli juna za su yi murmushi. Murmushin bai gama fitowa ba fankar ta yi sanyi ta tsaya. Fitila ta mutu.

Auta ta mayar da makunnin ta sake kunnawa. Fanka ta juya, ta ɗan yi numfashi, ta tsaya. Ta sake, haka. Ta duba ƙullin wayoyin, ta danna ɗan baƙin kan, ta sake gwadawa, kwamfuta ta farka ta koma. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar keken tela ta bango. Auta ta zauna dirshan a ƙasa da almakashi a hannu.

"Baba, na lalata ta. Wallahi tallahi ba da gangan ba. Na san abin da za ka ce, ni ce mai son ka rufe, ni ce kuma na sa mata hannu ta mutu. Wallahi ba haka na nufa ba."

Maganar gaskiya, tunanin ya ɗan gifta masa, kamar yadda mugun tunani ke gifta wa kowa. Da ya ga hawaye a fuskar 'yar da ko allura aka yi mata tana ƙarama ba ta kuka, sai ya ji kunyar kansa, tunanin ya gudu. Ya ce, "Share fuskarki. Sake kunna min, in ji da kunnena."

Ta kunna. Ya karkata kai yana saurare, irin sauraren da yake yi wa masu fushi. Fanka ta juya, ta yi ɗan jim, ta tsaya. Wannan ɗan jim ɗin ya san shi. Duk ranar da kwamfutar ta daskare ta ƙi motsi, haka yake kashe ta: ya ɗora sukudireba kan alluran ya ƙi ɗagawa, ya yi ɗan jim, ta mutu. Tsawon lokacin daidai yake, ba ƙari ba ragi.

"Auta, ba ki lalata komai ba. Makunnin ne bai san aikin ba. Na fitila ne, in an danna shi sai ya riƙe. Ita kuwa taɓawa take so a saki. In aka riƙe, ce mata aka yi ta kwanta. Danna ki mayar nan take."

Ƙas, ƙas. Fanka ta juya. Suka jira ɗan jim ɗin nan, ya zo ya wuce, fanka na ta juyawa. Kwamfuta ta yi 'yar ƙararta ta safe, rubutu ya fara fitowa a fuskarta. Auta ta saki dariya hawaye na zuba, ta jefar da almakashi.

"To shi ke nan ai," in ji Akawu. "In danna in mayar."

"A'a. Ranar da hannun ya makara wajen mayarwa fa? Mu koma gidan jiya?" Ta leƙa waje. "Mai Wuta! Zo ka ga abin da ka sayar min."

Mai Wuta ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya saurari bayani, ya kama haɓa.

"Haba Nas, cewa kika yi in ba ki mafi girma, ba ki ce na mene ne ba. Ni na ɗauka ɗakin Baba za ki sa wa fitila. Abin da kuke nema mai sifirin ne, wanda ke dawowa da kansa."

Ya fita ya dawo da madannin ƙararrawar ƙofa, faɗinsa ɗaya da na fitilar, da ɗan zanen ƙararrawa a fuskarsa. Ya danna ya saki, ya danna ya saki, yana nuna musu yadda yake tsalle ya dawo.

"Sai dai, Baba Akawu, in ka danna wa zai taso ya buɗe maka?"

"Wadda ke ciki ta fi ka saurin tashi," in ji Akawu.

Canjin bai ɗau lokaci ba, wayoyi biyu ne aka kwance daga wancan aka ɗaura a wannan. Auta ta sa shi ya zauna yadda ya saba zama, ta ce ya sauke hannunsa a tebur ba tare da ya duba ba. Inda hannun ya sauka, nan ta sa Mai Wuta ya kafe madannin da sukurori. Ta bi wayar da tef ta ƙarƙashin tebur don kada ƙafa ta ja ta. Gefen akwatin da ke buɗe ta yanko kwali ta rufe, ta huhhuda masa ramukan shan iska, tana cewa ba ita za ta je ta karɓo murfin durom daga hannun Mama ba. Mai Wuta ya koma shagonsa yana ba tela labari tun kafin ya isa.

Aka kashe kwamfutar yadda ya kamata, aka bar ta ta yi shiru. Akawu ya ɗaga hannun dama, yana kaɗawa kamar kullum, ya sauke shi kan madannin ya ɗauke. Ba sunkuyo, ba tabarau, ba riƙe numfashi. Fanka ta juya. Ya zauna yana jin iskarta na fita ta ramukan kwalin.

"Auta, kin riga kin ci nasara fa. Da kin yi shiru, da yanzu ina ɗakin da kika gyara. Me ya sa?"

Tana tattara guntayen waya a leda, ba ta ɗago ba.

"Hannun nan na daɗe da ganinsa, Baba. Ka manta aikina? Tun kana zubar da shayi kana ɗora wa kofi laifi. Jira nake ka faɗa da bakinka." Ta ƙulle ledar. "Ran nan da na zo na same ka zaune, ka danne hannu da cinya kana kallon ƙofa, sai na ga yadda za ka zauna a gidana kullum. Ban so abin da na gani ba. Ɗakin yana nan, ba ya gudu. Amma asibiti za ka je, likita ya duba hannun, akwai maganin da ke rage rawar. Wannan ba roƙo ba ne."

"Da yamma dai. Safiya ta masu takardu ce."

"Da yamma."

Akawu ya buga wa rabin garin nan takardun godiya, ga shugabanni da likitoci da waɗanda suka yi wa wani hanyar aiki. Kalmomin suna nan a kansa jere, kowace da inda ake sa ta. Ya laluba a cikinsu bai sami wadda ta dace ba. Albarka kuwa yana sa mata kullum, ko ruwa ta miƙo masa. Abin da ke ransa yau daban ne, irin wanda mutum ke faɗa wa wanda ya tsamo shi daga rami, kuma bai taɓa faɗa wa ɗan da ya haifa ba.

"Na gode, Auta," ya ce. "Na gode ƙwarai."

Ta juya baya tana neman abin da bai ɓata ba a cikin jakarta. "Kai Baba, don Allah."

Ya jawo madannai, ya bi hanyar kashewa a hankali har fuskar kwamfutar ta yi baƙi, fanka ta tsaya.

"Me kuma ya faru?" Ta waiwayo a tsorace.

"Ba komai. So nake in sake kunnawa."

Ya ɗora hannu ya danna.